Sawun Ƙafar Roba a Garkar Dogon Gawo

Iya Barira ce ta fara ganin ɓarnar. Ita ce shugabar matan da ke noman garka a Dogon Gawo, wani ƙauye cikin karkarar Hawandawaki, kuma a hannunta makullin ƙofar shingen yake kwana. Ta buɗe da sassafe, ta zauna bisa gefen kwami tana jiran rana ta hau kan panno, farantin da ke kama haskenta, injin da ke rataye cikin rijiya ya fara turo ruwa kamar kullum. Rana ta hau, ruwa bai zo ba. Da ta leƙa sai ta ga igiya a yanke, tiyo a yanke, wayar kuran, wato lantarki, tana lilo a bakin siminti. Injin babu.

Bazara ce, kuma albasa da tumatir da salatin matan gari duk da wannan injin suka dogara. Rijiyar ta yi zurfin da guga ba zai shayar da ko rabin shukar ba.

Kafin hantsi gari ya taru, kuma kafin hantsi gari ya yanke hukunci. An buɗa shingen ƙaya ta gabas, daga wannan kafar har bakin rijiya ga sawu nan a fili. Na dama takalmin taya ne irin na kowa. Na hagu kuwa babu wanda bai san shi ba a Dogon Gawo: ƙafa mai faɗi, yatsunta a haɗe, ba tsaga tsakaninsu. Ƙafar robar Gado ce.

Gado Buzu ne. Kakansa ya sauka a gefen garin da awakinsa tun ana shan ruwan tabki, kuma shi kansa bai san wani gida ba sai nan. Shekarun baya kububuwa ta sare shi a gona, aka yanke masa ƙafar hagu ƙasa da gwiwa. Ya daɗe bisa sanda, sannan wasu matasa a Tasawa suka yi masa ƙafa da wani inji. Takalmi ba ya zama a kanta, don haka da ita yake taka ƙasa haka nan. Kowa kuma ya tuna cewa cikin makon ya yi cacar baki da matan garka, da suka hana awakinsa sha a kwami.

Samari suka je suka taho da shi. Don kada ya gudu suka kwance ƙafar suka ajiye a zauren Maigari, shi kuma suka zaunar da shi bisa tabarma a waje. Wasu na cewa a kira jandarma, wasu na cewa a fara tambayarsa da bulala tukuna. Maigari Zakari ya ce ba za a yi ko ɗaya ba sai Mai Nasara ya zo.

* * *

Mai Nasara ya iso bisa jakinsa daga tungar da yake zaune a kudancin gari. Dattijo ne siriri, ɗan mafarauta, wanda tun yana saurayi ake kiransa in raƙumi ya ɓata ko an kore shanu. Ba ya yawan magana a bakin aiki. Ya gaisa da Maigari, ya sha ruwa, ya ce a fitar masa da mutane daga garka.

Ya bi sawun daga kafar shinge zuwa rijiya, ya sake binsa daga rijiya zuwa waje. A komawa sawun ya fi nutsewa, alamar mai shi yana ɗauke da kaya. Ya miƙe gabas, wajen bukkokin Gado, har ya faɗa burtalin shanu. Garken gari ya bi ta nan da asuba, ya tattake kome.

Mai Nasara ya san sawun Gado, ya sha ganinsa a hanyar kasuwa. Faɗin nan ne, tsawon nan ne. Sai dai tafiyar ba ta kwanta masa ba. Gado ya saba da ƙafarsa, yana jefa ta gaba ba tare da ya ja ba. Wannan kuwa yana jan yatsu cikin rairayi, kamar wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ya gaya wa kansa cewa duhu da kaya na iya sauya tafiyar mutum, ya bar zancen a nan.

A gindin kwami, inda ruwa ke zuba kullum, ƙasar laka ce. Nan ɓarawon ya taka sau ɗaya da hagu, kuma laka ta riƙe abin da rairayi ba ya riƙewa. Mai Nasara ya durƙusa. Cikin sawun akwai layuka sirara, jere da juna kamar zaren saƙa, daga dunduniya har yatsu. A tsakiyarsu akwai guda mai kauri, inda rabin tafin ya ɗan goce wa ɗaya rabin, ya bar tudu kamar bakin matakala. Ya kife ƙwarya a kan wurin, ya ce da Iya Barira kada kowa ya ɗaga.

Ta ce, "Malam, ai magana ta ƙare. Ko makaho ya shafa ya san sawun wane ne."

Ya ce, "Iya, wa kuma ya zo nan jiya ban da ku mata?"

Ta ce, "Gazali ya zo da amalanke wajen la'asar."

"Gazali makanike?"

"Shi. Da can injinsa mai shan man esans muke haya. Tun da aka kawo muna na rana bai ƙara gaishe ni da daɗin rai ba."

* * *

A zaure Mai Nasara ya ɗauki ƙafar Gado ya juya ta. Baƙa ce, ba ta da nauyi, an ɗaura ta jikin wani bututun ƙarfe. A gefenta ana ganin layukan nan sirara. Tafin kuwa yawo ya cinye shi, ya yi sumul kamar dutsen niƙa. Babu layi, babu tudu.

Ya fito ya zauna kusa da Gado. Mutumin ya ja rawaninsa har bisa hanci, ya rufe dungun ƙafarsa da gefen riga.

"Gado, ina ka kwana jiya?"

"Ɗakina. Matata ta sani, amma an ce shaidar mata ba ta yi."

"Ƙafar hwa, ina take kwana?"

"Ƙarƙashin kaina. Da ita nike matashi."

"Kana da wata?"

Gado ya dube shi a karo na farko. "Malam, wagga ma da ƙyar na samu. Sufyan ne ya yi ta kai ni Tasawa bisa motonsa har aka gama. Ka tambaye shi."

"An ce kun yi faɗa da matan garka."

"Mun yi. Na ce masu ruwa na Allah ne, suka ce injin nasu ne. Na kore awakina zuwa tsohuwar rijiya. In na ɗauke injin, awakina mi za su sha da shi?"

Mai Nasara bai ce masa ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Abin da ke damunsa daban ne. Duk rayuwarsa bai taɓa ganin ƙafa biyu iri ɗaya ba, ko ta mutum ko ta dabba. Maƙeri ma in ya ƙera fartanya biyu, ɗaya sai ta ɗan bambanta. Ga shi yau sawu da ƙafa sun yi daidai a faɗi da tsawo, sun saɓa a tafi.

* * *

Gazali yana bakin rumfarsa, hannu duk baƙin mai, yana kwance wani injin niƙa. Da ya ga mai bin sawu sai ya ajiye sifana.

"Na san za a zo. Duk abin da ya ɓata mai waya a jiki, Gazali ne."

"Mi ya kai ka garka jiya?"

"Taki na kai."

"Kai da ba ka da shuka a ciki?"

Gazali ya sosa ƙeya, ya dubi hanya ko akwai mai ji. "Na Halima ne, wadda mijinta ya rasu bara. Ina neman aurenta, ba mu kai ga gaya wa mutane ba. In za ka tambaye ta, don Allah kada ka yi gaban Iya Barira."

Mai Nasara ya riga ya ga tarin takin a gefen albasar Halima, ya kuma ga sawun amalanken ya shiga da nauyi ya fita wayam. Amma amalanken la'asar ba ya wanke mutum daga abin da aka yi bayan gari ya kwanta. Gazali ya san yadda ake fitar da inji daga rijiya, ya san masu saye, kuma yana da haushi.

"Ka san wurin da aka yi wa Gado ƙafa?"

"Na sani. Ni ma suna yi mini ƴan ƙananan kaya na roba in na rasa su a kasuwa."

Wannan amsar ta ƙara wa Gazali nauyin zargi a zuciyar Mai Nasara, shi kuwa Gazali bai ma lura ba.

* * *

Da rana ta busar da lakar, Mai Nasara ya yanko sawun da wuƙa, ya ɗago shi ɗungurungum kamar waina, ya shimfiɗa cikin kwano bisa ƙaiƙayi, ya ɗaure da tsumma. Ya roƙi Maigari a bar Gado ya koma gida ya kwana, a kuma dakata da zancen jandarma. Maigari ya yarda da na biyun kawai.

Washegari ya nemi mai kabu-kabu zuwa Tasawa. Sufyan ne kaɗai mai moto, wato babur, a Dogon Gawo, saurayi mai fara'a, wanda ke kai mutane kasuwar Gidan Amumune da ta Tasawa, yana dawo masu da saƙo. Ya zo sanye da takalmi rufaffe da safa, ya ɗaure kwanon a baya.

"Baba, mi ke ciki haka da ake lallaɓawa?"

"Ƙasa ce."

Sufyan ya yi dariya. "Tasawa ta rasa ƙasa?"

Hanyar rairayi ce, dole a yi ta sauya bitesi, wato giyar moton. Mai Nasara ya sha hawa bayan Sufyan, ya san shi da tuƙi mai laushi. Yau kuwa duk sauyi sai moton ya yi tsalle, don yaron da dunduniya yake taka ƙarfen, ba ya sa saman ƙafa ya ɗago shi. Tsohon ya riƙe kwanonsa da hannu ɗaya kada lakar ta fashe.

A hanya Sufyan ya yi ta zancen Gado. Ya ce shi ya ɗauke shi ranar da maciji ya sare shi. Ya ce ko da Gadon ne ya yi satar, ai bai kamata a wulaƙanta nakasasshe ba, a bar shi da Allah.

A tasha ya ce zai sha shayi ya duba wani fasinja, in Baba ya gama ya same shi nan.

* * *

Wurin ɗaki ɗaya ne da rumfa a wani lungu bayan tasha, na wata ƙungiyar matasa. Mai kula da shi Sa'adatu, ta yi karatun gyaran na'urori a Maradi. Ta ba shi kujera, ta kawo ruwa. A bisa tebur akwai wani inji kamar akwati marar murfi, wani ɗan baki na ƙarfe yana kai da komo a cikinsa yana ƙara a hankali.

"Ɗiyata, wanga ne ya yi ƙafar Gado?"

"Shi ne, Baba. Matso ka gani."

Ta nuna masa wani zaren roba a naɗe kamar na masaƙa. Ta ce injin yana jan zaren, ya narkar da shi a bakin nan mai zafi, ya zuba shi siriri bisa faranti. In ya gama shimfiɗa ɗaya sai ya ɗaga kaɗan ya zuba wata a kanta, haka har abu ya tashi.

Ta ce, "Masassaƙi yana samun icce ya yi ta ragewa har turmi ya fito. Wannan ba ya rage kome, ƙarawa yake yi."

Mai Nasara ya daɗe yana kallo. "Kamar ginin rumbu. A ɗora zagaye, a bari ya sha iska, a ɗora wani."

"Haka ne. Shi ya sa kake ganin layi-layi a jikin duk abin da ya yi."

"Turawa suka ƙirƙiro shi kwanan nan?"

"Ya girme ni. Na farkon manya ne, sai a masana'antu, wasu da ruwan roba suke aiki, haske na daskarar da shi. Daga baya irin wannan mai zare ya yi araha har ya iso hannun irinmu. Yanzu akwai mai yi da garin ƙarfe, akwai mai zuba siminti ya tayar da bangon ɗaki. Mu dai nan roba muke iyawa."

"To wa ke gaya masa siffar abin?"

Ta juyo masa da ordinater, wato kwamfuta. Ga ƙafa nan tana juyawa a cikin gilashi. Ta ce sun auna ƙafar Gado mai lafiya, suka zana irinta ta hagu, suka ajiye zanen a nan. Injin zanen yake bi.

"In kin ce ya sake yin wata?"

"Zai yi irinta sak. Ko goma kake so."

Mai Nasara ya kwance tsumman, ya tura mata kwanon. Ta sunkuya, ta kunna fitilar wayarta ta haska lakar daga gefe. Ta bi tudun nan na tsakiya da farce, ba ta taɓa shi ba.

"Baba, ina ka samu wannan?"

"Bakin rijiyar da aka yi sata."

"Wannan ba ƙafar da ke jikin Gado ba ce. Ta farko ce, wadda ta lalace." Ta miƙe. "A kwance bisa gefenta muke gina ta. Mun kai rabi aka ɗauke kuran. Da ya dawo injin ya ci gaba, amma bakin ya ɗan goce, sai rabin sama bai hau daidai kan na ƙasa ba. Ga wurin nan. Irin wannan tana iya rabewa mutum na cikin tafiya, shi ya sa ban ba shi ba. Na sake wata, ita aka ɗaura masa ranar da ya zo."

"Lalatacciyar hwa?"

Ta nuna wani kwando a bakin ƙofa, cike da gutsattsarin roba. "Nan na jefa ta. Daga baya na neme ta in nuna wa masu koyo, ban gan ta ba. Na ɗauka mai shara ta kwashe."

"Ranar da aka ɗaura wa Gado tasa, su wa ke nan?"

Ta yi tunani. "Shi, da mai moton da ya kawo shi. Sai Gazali makanike, ya zo karɓar farfelar wani inji. Su biyun a rumfa suka zauna, kusa da kwandon." Ta dube shi. "An kama Gado ne?"

"An kwance masa ƙafa an ajiye."

Ta rufe ordinater ɗin. Ta ce gobe za ta zo Dogon Gawo da kanta.

A tasha Mai Nasara ya tarar da Sufyan yana shirin sallar azahar. Yaron ya wanke fuska da hannu, ya zo ƙafa sai ya juya wa mutane baya. Mai Nasara ya ɗauki butarsa ya koma gefe.

* * *

Washegari bayan azahar aka taru gindin gawon da ke ƙofar Maigari. Sa'adatu ta iso cikin motar kasuwa, ta zauna wajen mata. Gado yana bisa tabarmarsa. Mai Nasara ya sa aka kira Gazali da Sufyan, ya ce su zauna gaba tunda su ma sun san wurin da aka yi ƙafar.

Ya zuba ruwa a ƙasa ya kwaɓa laka, ya lallashe ta da tafin hannu. Ya karɓi ƙafar Gado daga zaure ya danna a kai, ya ɗaga. Sannan ya ajiye kwanon a gefe.

"Maigari, ka duba. Iya Barira, ke ma matso."

Suka duba. Ɗaya sumul, ɗaya da layuka da tudu a tsakiya.

Sa'adatu ta yi bayani a taƙaice: ƙafa biyu aka yi daga zane ɗaya, ta farko ta lalace, wani ya ɗauke ta daga kwando. Da ta ambaci waɗanda suka zauna a rumfa ranar, sai idanu suka koma kan Gazali. Wani daga baya ya ce dama shi ya faɗa. Gazali ya buɗe baki, Mai Nasara ya ɗaga masa hannu.

"Wagga ƙafa an yi ta don wanda ba shi da ƙafa. Mai ƙafa in zai taka da ita, sai ya ɗaura ta ƙarƙashin tasa, ya ɗaure da igiya tamau. Shi ya sa sawun ke jan yatsu, ƙafa ɗaya ta hi ɗaya tsawo. Ya yi tahiya cikin rairayi, ya dawo da inji a kahwaɗa. Igiyar ba za ta bar shi haka nan ba." Ya juya. "Gazali, tuɓe takalminka na hagu."

Gazali ya fizge silifa ya miƙa ƙafar. Baƙin mai ne da kaushi, ba kome.

"Sufyan."

Sufyan ya yi murmushi. "Baba, ni da na kai ka na dawo da kai?"

"Kai ɗin. Ka kai ni da dunduniya, ka dawo da ni da dunduniya."

"Ciwo gare ni. Bututun hayaƙin moto ya ƙone ni."

Gazali ya ce, a hankali, "Bututun motonka a dama yake."

Maigari ya ce, "Tuɓe, yaro."

Sufyan ya daɗe yana kwance igiyar takalmin. Safar ta manne, sai da ya ja ta da ƙarfi. A saman ƙafar akwai saɓa biyu da suka gicciye juna, wata kuma ta zagaye idon sawu, duk sun kumbura sun fara ruwa.

Sufyan ya zauna riƙe da safar a hannu.

Maigari ya ce, "Ina injin?"

"Yana tsohon rumbunmu na gona. Da ƙafar." Bai ɗago kai ba. "Wani zai karɓa ranar kasuwar Gidan Amumune. Ina so in tahi wurin haƙar zinari, in bar garin nan."

"Ƙafar hwa, tun yaushe ka ɗauke ta?"

"Tun ranar. Wasa na ɗauke ta, in rataya jikin moto. Daga baya na tuna Baba Mai Nasara yana kusa, duk wanda ya taka garka sai ya gane shi."

Sai a lokacin Gado ya yi magana. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Sufyan, kai ka ɗauke ni ranar maciji."

"Na ɗauka ba wanda zai taɓa ka, Gado. Na ce za a ga halin da kake ciki a ƙyale ka."

Gado ya dubi samarin da suka kwance masa ƙafa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙa hannu, Mai Nasara ya ba shi ita. Ya share lakar da gefen rigarsa. Sa'adatu ta durƙusa za ta taimaka masa da maɗauri, ya ce ta bari, ya iya.

* * *

Aka ɗauko injin kafin magariba. Gazali ne ya haɗa wayar ya mayar da shi cikin rijiya, ruwa ya dawo da hantsin washegari. Salatin ya riga ya ƙone, albasa da tumatir suka farfaɗo. Jandarma suka zo suka tafi da Sufyan, da lalatacciyar ƙafar cikin leda.

Iya Barira ta aika wa matar Gado da kwandon tumatir, ta ce awaki su zo su sha a kwami duk lokacin da suka so. Aka karɓi tumatir aka yi godiya. Awaki ba su zo ba.

Bayan ƴan kwanaki Maigari ya sake aikawa a kira Mai Nasara. Tsohon ya same shi tsaye a gabashin gari, inda bukkokin Gado suke. An kwashe tabarmi, an tuge turakun awaki, murhu ya yi sanyi.

"Ba wanda ya ga hitarsu. Duba muna, Malam."

Mai Nasara ya zagaya filin sau ɗaya. Jaki biyu da kaya, mace ɗaya, awaki da ƴaƴansu. A bayansu takalmin taya da ƙafar roba, tafiya daidai, ba gaggawa. Sun yi arewa.

"Wajen dangin uwarsa ya nuhwa, cikin ƙasar Mayahi."

"Ka bi shi ka dawo muna da shi. Kakansa a nan aka rufe shi."

Mai Nasara ya kwance jakinsa daga jikin kututture.

"Ranka ya daɗe, ni ɓarawo nike bi, ko dabbar da ta ɓata. Wanga bai ɓata ba, kuma na gaya maka inda za shi. In ana so ya dawo, wanda aka ajiye ƙafarsa a zaurensa shi ya kamata ya tahi."

Maigari ya daɗe yana duban sawun da ya miƙe arewa. Sannan ya juya ya ce da na bayansa a ɗaura masa amalanke, a kuma gaya wa Iya Barira ta shirya, tare za su.